Cokulan Itacen Zaitun na Kasuwar Arles a Ɗakin Girkin Bauchi

A kudancin Faransa da wuya a sami kasuwar mako-mako da ba ta da teburi ɗaya ko biyu na masu sayar da kayan girki na katako, kuma baƙon da ya fito daga ƙasar da har yanzu ake tuƙa tuwo da muciya, ake daka a turmi, ba zai iya wuce irin wannan teburi bai tsaya ya kai hannu ba. Wannan sharhi ya shafi ɗaya daga cikin waɗannan tebura ne a kasuwar Asabar ta garin Arles, da kuma kayan da na saya a wurin na kawo su Bauchi, inda suka shiga aikin yau da kullum tare da tukwanenmu da wutarmu da iskarmu. Ra'ayina shi ne wurin ya cancanci a tsaya a duba shi a natse, kuma aikin kayan yana da kyau ƙwarai, amma kaɗan ne daga cikinsu suke da abin yi a gidan da tuwo ne abincin dare.

Arles tsohon gari ne a bakin Kogin Rhône, cikin yankin Provence, tafiyar kimanin awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Marseille. An fi saninsa da gine-ginen Rumawa, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin kayan tarihin duniya a 1981. Kasuwarsa tana ci sau biyu a mako, Laraba da Asabar, amma ta Asabar ce babba, domin tana mamaye titin Boulevard des Lices da wanda ke haɗe da shi har tsawon kimanin kilomita 2. Babu rumfunan dindindin irin na Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. 'Yan kasuwa suna isowa da motocinsu tun da sassafe, su kafa tebura da manyan laimomi, kuma wajen ƙarfe ɗaya na rana an fara naɗe kaya, ta yadda wanda ya saba fita cefane bayan azahar masu shara kawai zai tarar. Mafi yawan abin da ake bajewa abinci ne, kamar 'ya'yan zaitun da cuku da zuma da shinkafar yankin Camargue da ke kusa da garin da kayan yaji, sai masu tufafi da sabulu da kayan gida suka cike sauran gurabe.

Teburin da nake magana a kansa dogo ne, an lulluɓe shi da ƙyalle, kuma abu na farko da ya burge ni shi ne tsarinsa. An tsayar da cokula a cikin tuluna ƙanana kansu na sama, kowane nau'i da tulunsa: masu zurfi na juya miya, masu faɗin baki marasa zurfi na juya suya, masu huda a tsakiya, da wasu da aka yi wa kusurwa a gefe ɗaya na baki domin su kai lungun tukunya inda abinci ya fi kamawa. A gefe an jera cokali da abokinsa mai yatsu na kwasar salak, da abin murza kwaɓin fulawa, da abin matse lemon tsami, da 'yan sanduna masu kai mai tsaga-tsaga na ɗiban zuma. A baya kuma an jingine katakan yanka manya da ƙanana, waɗansu an bar musu gefensu yadda itacen ya fito, sannan ga turame da ba su fi a tallabe su da hannu ɗaya ba, kowanne da 'yar taɓaryarsa a ciki.

Itace iri uku ne a teburin. Na zaitun shi ne ya fi yawa kuma shi ne yake jan ido, saboda launinsa na ruwan zuma da zane-zanen duhu da ke ratsa shi, wanda ya sa ba a samun cokula biyu masu kama ɗaya. Yana da nauyi da tauri, jikinsa a matse yake, don haka ba ya saurin shan ruwa ko riƙe warin abinci. Ga mai saye Musulmi kuma akwai ƙarin sha'awa, tun da itace ne da aka ambata da albarka a cikin Alƙur'ani, kuma 'yan kasuwar da suka saba da baƙi daga ƙasashen Musulmi sun san haka. Na biyu shi ne wanda Faransawa ke kira hêtre, fari-fari, marar ado, mai arha, kuma shi ne ainihin cokalin aiki a yawancin gidajensu. Na uku, buis, rawaya ne mai santsin gaske, yana girma a hankali, kuma masassaƙan tsaunukan Jura da ke gabashin ƙasar sun daɗe suna aiki da shi. Kaɗan ne aka kawo nasa, kuma tsutsar wani ƙwaro da ya shigo daga gabashin Asiya, wanda aka fara gani a Faransa a 2008, ta yi wa dazuzzukansa ɓarna mai yawa.

Ta fuskar mu'amala ba ni da ƙorafi. Al'adar kasuwar ita ce mai saye ya fara gaisuwa kafin ya taɓa kaya ko ya tambayi farashi, abin da ba ya yi wa Bahaushe wuya ko kaɗan. Da zarar an gaisa, mai teburin ya bar mutum ya ɗaga, ya juya, ya auna nauyi a tafin hannu, ba tare da ya tsaya a kansa yana zuga kayan ba. Dokar Faransa ta wajabta wa ɗan kasuwa ya nuna farashin abin da ya baje, saboda haka kowane tulu yana da ɗan allonsa, kuma babu tayi balle a ji albarka. Duk da haka, da ya ga na haɗa kaya da dama, sai ya ɗora mini ɗan cokalin gishiri a matsayin gyara, ya naɗe kowane abu a takarda, domin tun watan Yulin 2016 aka hana raba ledar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar a wuraren biyan kuɗi na ƙasar.

Inda mai teburin ya gaza shi ne a kan tambayar asalin kayan, kuma wannan batu ne da ya kamata duk mai shirin saye ya fahimta. Baƙo yana ganin cokalin zaitun a tsakiyar Provence, ga gonakin zaitun ya wuce a hanya, sai ya ɗauka daga nan aka sare itacen kuma a nan aka sassaƙa. Sau da yawa ba haka ba ne. Noman zaitun a Faransa ƙarami ne idan aka kwatanta shi da na Sifaniya ko Italiya ko Tunisiya, kuma tsananin sanyin watan Fabrairun 1956 ya kashe kaso mai yawa na itatuwan kudancin ƙasar, har manoma da dama suka tuge kututturan suka dasa inabi a madadinsu. Ba a kuma sare itacen zaitun mai 'ya'ya don a yi katako; abin da masassaƙi ke samu shi ne rassan da aka datse ko tsohon itacen da ya daina haihuwa. Wannan ya sa kaso mai yawa na kayan zaitun da ake bajewa a kasuwannin Turai daga Tunisiya yake fitowa, musamman yankin Sfax, inda sana'ar ta kafu sosai. Dokar ƙasar ba ta tilasta a rubuta ƙasar da aka ƙera irin waɗannan kaya ba, don haka allunan teburin sunan itacen kawai suka faɗa. Da ƙanwata, wadda ke zaune a can kuma take jin Faransanci, ta tambaye shi kai tsaye inda aka yi su, sai ya amsa cewa itacen na ƙasashen Bahar Rum ne, ya juya ga wani mai saye. Ba na ganin aibi a aikin Tunisiya, hasali ma abin alfahari ne a ce masassaƙan Afirka ne ke cika teburan Turai, amma wanda zai biya farashin Provence yana da haƙƙin a gaya masa abin da yake saye.

Na sayi cokalin miya mai zurfi da mai kusurwa a kan Yuro 7 kowanne, da mai faɗin baki na suya, da ɗan turmi a kan Yuro 25, da katakon yanka matsakaici a kan Yuro 30, sai sandar zuma. Ko da wane canji aka yi lissafi, kuɗin cokali ɗaya zai sayi muciyoyi da dama a Bauchi, saboda haka dole ne aikinsa ya nuna dalilin tsadarsa.

A wajen miya ya nuna. Cokali mai kusurwar nan shi ne abu mafi amfani da na kawo, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya shi zan ɗauka. Idan ana soya tumatir da tattasai da attarugu, inda kayan miya ke son kamawa a zagayen gindin tukunya, kusurwar tana shiga ta kankaro su kafin su ƙone, abin da cokali mai zagayen baki ba ya iyawa. Ba ya karce tukunyar zamani mai baƙin shafi da ke hana abinci kamawa, wadda cokalin ƙarfe ke lalatawa cikin ɗan lokaci, ba ya ɗaukar zafi ya ƙona hannu idan an bar shi a cikin tukunya, kuma tsamin tumatir ko na tsamiya ba ya yi masa komai. Manja ya ɗan sauya masa launi, amma da yake itacen da ma mai duhu ne, abin bai ɓata shi ba. Santsinsa kuma yana da fa'ida ta zahiri, domin miyar kuɓewa ko ta kuka ba ta samun ramukan da za ta maƙale, wanki ɗaya ya isa. Iyakar matsalarsa ita ce gajarta. Tsawonsa bai wuce santimita 30 ba, wanda ya dace da tukunyar gas ta mutum huɗu ko biyar, amma a kan murhun itace ko na gawayi, da tukunyar gidan yawa, hannu yana kusantar wuta fiye da yadda ya kamata.

Tuwo kuwa wani zance ne daban. Na miƙa wa Goggo cokalin mai zurfi a ranar da take tuƙin tuwon masara, na ce, “Goggo, ku gwada mana wannan mu gani.” Ta yi talge da shi lafiya, amma da ta fara zuba gari tuwo ya yi ƙarfi, sai ta zare shi ta ajiye, ta ce, “'Yar nan, wannan na ɗanɗana gishiri ne, miƙo mini muciyata kafin in karya miki kuɗinki.” Hukuncinta daidai ne, kuma dalilinsa yana cikin ƙirar abin. Tuƙi yana buƙatar sanda doguwa mai kauri ɗaya tun daga sama har ƙasa, wadda za a kama da hannu biyu a danna tuwon a jikin tukunya har gudaji su mutu. Cokalin Faransa an siranta wuyansa don ya yi kyau kuma ya yi sauƙin riƙo, kuma nan ne daidai wurin da ƙarfin tuƙi ke taruwa. Ko da masassaƙin ya so ya yi muciya ma, itacen zaitun ba zai ba shi haɗin kai ba, domin gangar jikinsa a murɗe take, sau da yawa da kogo a ciki, kuma samun yanki dogo miƙaƙƙe marar tsaga abu ne mai wuya da tsada. Yawancin abincin Provence ba ya neman irin wannan sanda. Idan aka tsallaka teku zuwa tsibirin Kosika kuwa ana samun wani abu mai kama da tuwo, wanda suke yi da garin 'ya'yan wani itace, kuma su ma da doguwar sanda suke tuƙa shi.

Masa, wadda Bauchi ta yi suna da ita, ita ma ba ta karɓi baƙon ba. Bakin cokalin suyar ya yi kauri, ba ya shiga tsakanin masa da ramin tanda ba tare da ya yage gefenta ba, don haka siririn cokalin ƙarfe yana nan a matsayinsa. Ya yi amfani dai wajen juya ƙwai da dankali da soyayyar shinkafa.

Ɗan turmin an yi shi ne don abinci biyu da Provence ke ji da su, wato aïoli, wanda tafarnuwa ce ake dakawa a haɗa da man zaitun, da pistou, wanda ake ƙara wa ganyen ɗoɗɗoya irin nasu. Duk abin da ya yi kama da wannan aiki yana yin sa da kyau, kamar tafarnuwa da ɗanyar citta da attarugu ɗaya ko biyu, kuma ya hutar da ni jawo babban turmi saboda abin da bai cika cokali ba. Busassun kayan yaji ne ba ya iyawa, domin ramin ba shi da zurfi kuma taɓaryar ba ta da nauyi, sai masoro da kanumfari su riƙa tsalle suna watsewa a ƙasa, kimba kuwa ko gezau ba ta yi. A kan Yuro 25 ina ganin ya yi tsada ga ɗan abin da yake yi. Sandar zuma ado ce kawai, cokalin shayi yana yin aikinta.

Babban abokin gabar waɗannan kaya a wurinmu shi ne hunturu. Mai teburin ya ce bushewar iska ba ta damun itacen, tun da su ma suna da mistral, busasshiyar iska mai sanyi da ke gangarowa ta kwarin Rhône, amma ita takan yi 'yan kwanaki ne ta lafa a ƙasar da ke bakin teku, alhali tamu tana ɗaukar watanni tana tsotse danshin duk abin da ta samu. Itacen zaitun kuma da ma an san shi da saurin tsagewa idan ya bushe da gaggawa. Cokulan sun tsira saboda sirara ne, suna bushewa ciki da waje lokaci ɗaya, amma katakon yanka mai kauri ya buɗe ɗan baki daga ƙarshensa kafin sanyi ya wuce. Katako mai tsaga bai dace da ɗanyen nama ba, domin jini da ruwan nama suna shiga inda soso ba ya kai wa, don haka yanzu burodi da 'ya'yan itace kawai ake yankawa a kansa. Kulawar da suke buƙata ta saɓa wa yadda muka saba yi da muciya. Ba a barin su a jiƙe cikin tukunya tare da ƙanzo har gari ya waye, ba a kuma shanya su a rana. Ana wankewa nan take, a goge, a tsayar a inuwa. Suna son a riƙa shafa musu mai, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Man gyaɗa da man zaitun suna yi, sai dai idan suka daɗe a jikin itace sukan sauya wari, shi ya sa na fi son kakin zuma, wanda ake samu wurin masu sayar da zuma, a narkar da shi da farin man farafin na sha da ake sayarwa a kemis, wanda ba kananzir ba ne.

Na kai cokalin mai kusurwa wurin wani dattijo masassaƙi da muke sayen turmi da taɓarya a hannunsa, domin in ji abin da mai sana'a zai ce. Ya juya shi, ya shafa da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa shi a gefen turmi, sannan ya ce, “Hajiya, wannan inji ne ya yanka shi, hannu kuma ya goge. Itacen yana da kyau, amma bai fi kirya tauri ba.” Na ce, “To Baba, me ya hana ku yin irinsa?” Ya ce ba gizago ne ya gaza ba, masu saye ne ba sa biyan kuɗin guga, domin wadda ta zo sayen koshiya tana neman mai arha ce, kuma yinin da zai ɓata da samfefa a kan cokali ɗaya ya ishe shi fitar da muciyoyi masu yawa. Ya ƙara da cewa ajiye itace ya bushe a inuwa na watanni kafin a taɓa shi jari ne da ba kowane masassaƙi ke da shi ba. A ganina nan ne ainihin bambancin teburin Arles da rumfunanmu yake. Kirya da marke ba su da abin jin kunya a gaban zaitun ta fuskar ƙarfi, kuma sun saba da hunturu, amma ana fito da su kasuwa da sawun gizago a jikinsu, wani lokaci ma itacen bai gama bushewa ba, alhali can an busar, an goge har sau da yawa, an shafa mai, an kuma yi tunani a kan yadda bakin cokali zai haɗu da gindin tukunya. Na ba shi aikin koshiya mai kusurwa irin wannan, amma mai tsawon da ya dace da murhu, a kan farashin da ya yanka da kansa, kuma abin da ya kawo ya fi na Faransan dacewa da tukunyar suna ko ta biki.

Wanda hanya ta kai shi Arles ko wata kasuwa irinta a Provence, ya isa da wuri kafin cunkoso, ya riƙe tsabar kuɗi domin ba kowane teburi ke karɓar kati ba, kuma ya zaɓi kayan da hannunsa maimakon ya karɓi wanda aka miƙo masa. Ya duba cewa zanen itacen ya bi tsawon mariƙin cokali, domin wanda zanensa ya gitta wuya nan zai karye. Ya ɗaga abin zuwa haske ya nemi siririyar tsaga ko ramin da aka cike da ƙaro aka goge, abin da ya fi yawa a katakan yanka da akusa. Ya guji mai ƙyalli irin na fenti, domin wannan shafi yana ɓarewa a cikin miya mai zafi, ya nemi wanda mai kawai aka shafa masa. Katakan yanka da turame suna da nauyi, kuma a jakar jirgi ta kilo 23 suna cin gurbin da cokula goma ba za su ci ba, ga shi kuma su ne suka fi saurin tsagewa idan suka iso Bauchi.